Allurar Lantarki a Jijiyar Gwiwa: Amsa ga Ɗalibi

Tambayarka ita ce: "Oga, ɗan ƙwallon da ya zo daga filin Rwang Pam da ciwon ƙasan ƙoƙon gwiwa, don me za mu soka masa allura mai wuta, kuma mu hana shi shan diclofenac?"

To saurara, ɗana. Jijiyar da ta haɗa ƙoƙon gwiwa da ƙashin ƙwauri, in ta yi watanni tana ciwo, ba kumbura ta yi ba, lalacewa ta yi. Zarenta ya hargitse, jiki kuma ya daina gyaran wurin. Aikin allurar shi ne ta tayar da sabon kumburi daidai wurin, don jiki ya kwashe mataccen nama ya saƙa sabo. In ya sha maganin kashe kumburi irin diclofenac, ya rushe abin da muka gina. Ciwon kwana biyu da zai biyo baya, farasitamol ya isa.

Wani likitan gashin ƙashi ɗan Sifen, José Manuel Sánchez-Ibáñez, shi ya fito da dabarar. Wutar mai tafiya hanya ɗaya ce, irin ta batir. Allurar, mai kaurin milimita 0.30, ita ce negatif; fositif kuwa majinyaci ya riƙe a hannu ko a manna masa a fata. Da wuta ta shiga sai ta raba gishiri da ruwan da ke cikin nama, a samu iskar haidirojin da soda a bakin allurar, sodar nan dai da ake haɗa sabulu da ita. Kada ka kuskura ka juya wayoyin. In allura ta zama fositif, asid za ta haifar, ƙarfenta ma ya fara cinyewa cikin naman mutum.

Ka kwantar da shi rigingine, matashi a ƙarƙashin gwiwa. Kada ka yi wa kowa a zaune, wasu jiri ke ɗibarsu su suma, balle wanda bai karya ba. Sa safar hannu, goge fata da sifirit. A sikanin za ka ga wurin da ya lalace ya yi duhu, galibi can ciki inda jijiyar ta kama ƙashi. Sai ka ga tsinin allura a cikin duhun nan kafin ka kunna. In ka kunna yana kusa da fata, ƙuna ce. Ma'aunin ƙarfin wutar da aka saba shi ne miliamfiya 3, daƙiƙa 3, sau 3. Mai raki a ba shi maikro'amfiya 350 (wato miliamfiya 0.35) na daƙiƙa 80, jimillar wutar kusan ɗaya ce. Fara daga zurfi ka taso sama, domin iskar takan fito fari fat a allo ta rufe abin da ke ƙarƙashinta. In an ɗauke wuta sikanin ya mutu, zare allurar, ba a aikin nan da lalube.

Mai ciki, mai batirin zuciya, mai shan maganin tsinka jini, mai ƙarfe kusa da wurin ko ƙurji a fatar, duk ba a yi musu.

Allura kaɗai kuma ba ta warkarwa. Bayan kwana biyu ya hau katako mai gangaren digiri 25, ya riƙa durƙusawa a hankali da ƙafar mai ciwo, sau 15 zagaye 3. Ya dawo bayan mako guda mu sake dubawa kafin a yi ta biyu.