Ina Wayar Tebur Ta Shiga?

Tambaya: Malam, mahaifinmu yakan ba mu labarin zamanin da sai an je ofis ko gidan wani babba kafin a buga waya. Yau kuwa ko a ƙauye kowa da salularsa a aljihu. Me ya hana wayar tebur yaɗuwa a Afirka kamar yadda ta yaɗu a Turai?

Amsa: 'Yar'uwa, gaskiya mahaifinku ya faɗa. Wayar tebur tana buƙatar a ja wayar tagulla tun daga ofishin haɗa layi har cikin ɗakinki, a kafa turaku ko a haƙa rami, gida bayan gida. Idan gari ya yi nisa, kuɗin jan wayar ya fi abin da za a samu daga masu kira. Ga kuma ruwan sama da ɓarayin tagulla. A da, a yawancin ƙasashenmu kamfanin gwamnati ɗaya ne ke riƙe da harkar, sai mutum ya cike takarda ya shekara yana jiran layi.

Dubi Najeriya. Kafin 2001, layukan da NITEL, kamfanin wayar gwamnati, ke da su ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. A watan Janairun 2001 hukumar kula da sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin GSM, wato na wayar salula, kowanne a kan dala miliyan 285, zuwa Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Yau layukan salula masu aiki sun wuce miliyan 150. A duniya baki ɗaya, a 2002 ne salula ta zarce wayar tebur yawa, Afirka kuwa ta riga kaiwa nan.

Turken sadarwa guda yana wadatar da dubban mutane ba tare da an shiga gidan kowa ba. Amma a ganina katin waya ne babban sirrin. Wayar tebur sai mai adireshi da albashin wata, saboda a ƙarshen wata ake kawo takardar kuɗi. Da kati ya zo, sai manomi ya kankare bayansa da farce, ya loda gwargwadon ƙarfinsa, ya kira ɗansa a birni. Abin yana faranta mini rai har gobe. Daga nan ne ma M-Pesa, hanyar aika kuɗi ta salula, ta samu gindin zama a Kenya tun 2007, wayar ta zama asusun wanda bai taɓa shiga banki ba.

Tambaya: To zan buɗe ƙaramin ofis. In nemi layin tebur?

Amsa: Abin da za ki nema, 'yar'uwa, shi ne kebul ɗin fayiba, wato wayar zaren gilashi mai ɗaukar saƙo ta hanyar haske, idan ya iso unguwarku. Ai wayar ƙasa ba ta mutu ba, kama ta sauya. Kiran da kike yi da salula iska yake bi zuwa turke kawai, daga nan sau da yawa fayiba yake shiga, idan ƙasar waje za shi ya bi ta ƙarƙashin teku, irin kebul ɗin MainOne da ya fara aiki a 2010. Da fayiba za ki samu intanet mai ƙarfi, ki ɗora lambar ofis a kai. Sai dai ki tanadi batir ko sola, domin tsohuwar wayar tebur daga layinta take shan wuta, wannan kuwa da an ɗauke wuta sai ta yi shiru.