Tambaya da Amsa: Tsohuwar Word da Rubutun Shekara Ashirin

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tsohon malamin makaranta ne, mazaunin Ƙofar Doka. Da Word 2003 nake aiki tun ina koyarwa, kuma a cikinta na tara rubuce-rubucena na Hausa, har da tarihin unguwarmu da nake son kaiwa ɗab'i. Yanzu in jikana ya turo mini takarda daga Samaru ba ta buɗuwa. Ya ce in koma sabuwa. Tsorona kada aikin shekara ashirin ya salwanta. Mene ne abin yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Jikanka yana da gaskiya, kai ma tsoronka ba na banza ba ne.

Dalilin ƙin buɗuwar a fili yake. Word 2003 tana adana aiki da .doc, daga Word 2007 kuwa aka koma .docx. Sabuwa tana karanta tsohon fayil, tsohuwa ce ba ta gane sabon sai da ƙarin manhaja. Kuma tun 8 ga Afrilun 2014 Microsoft ya daina turo wa Office 2003, wato tarin manhajojin da Word ɗinka ke ciki, gyaran tsaro. In kwamfutarka tana shiga intanet, ko ana cusa mata filas ɗin jama'a, to tamkar gida ne da ba ƙyaure.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne haruffa masu lanƙwasa, kuma su nake so ka fi kula da su. A wancan zamanin, masu rubutun Hausa da fon (wato samfurin haruffa) na musamman muke samun ƙ da ɗ da ɓ, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. Ya yi mana rana ƙwarai. Amma dabarar irin waɗannan fon ita ce aron gurbin wata alama: kai kana ganin ƙ, ita kwamfuta alamar } ta rubuta a ranta. Ranar da fayil ya je inda babu fon ɗin, sai ƙasa ta koma }asa. Na taɓa kai aikin shafi ɗari da wani abu wani shagon buga takardu a Sabon Gari, na tafi sallar azahar ban duba ba. Da na dawo na tarar an buga shi kaf, kowane shafi cike da ƙugiyoyi kamar rumfar maƙera. Kuɗin takarda dai ni na biya, domin sakacin nawa ne.

Saboda haka kafin a taɓa komai, a kwafe rubutun duka a filas biyu, ɗaya ya kwana a wani ɗakin. A kwafe fon ɗin ma, yana cikin jakar Fonts ta Windows. Shi littafin tarihin, in akwai hali, a mai da shi PDF tun yana tsohuwar na'urar, ya zama shaida.

Bayan an koma sabuwa, kada ka dogara da tsohon fon har abada. Zauna da jikanka, ku danna Ctrl da H, ku musanya kowace alama da harafinta na gaskiya, babba daban ƙarami daban, sannan ku mai da rubutun Times New Roman. A kan kwafi za ku gwada, ba a kan asali ba. Windows 10 da 11 suna da madannin Hausa a cikinsu, saitawa kawai ake yi. Daga nan ko a waya aka buɗe rubutunka, ƙ tana nan a ƙ.

Wacce za ka saya? Kada wani ya sa maka 2007 ko 2010 ya ce sabuwa ce, an daina kula da ta farko a 2017, ta biyu a 2020. Office 2024 sau ɗaya ake biya, Microsoft 365 kuwa haya ce ta wata ko shekara, kuma ban ga abin da ɗan fansho mai rubutu zalla zai yi da haya ba. Tsohuwar na'urarka ma da wuya ta ɗauki ko ɗaya. Office ta sata da yara ke ɗorawa a kasuwa, ka guje ta.

In aljihu ya yi nauyi, akwai LibreOffice, kyauta ce kuma halal, tana buɗe .doc da .docx. Ina ma zaton ita za ta fi kwanta maka, domin tsarinta na File da Edit da Format ya yi kama da wanda ka saba. Sabuwar Word maɓallai ne jere a sama, ni kaina sai da na yi mako ina lalube kafin na gano inda aka kai lambar shafi. Tana ƙarƙashin Insert.