Me ya sa gwajin maganin cutar daji ba ya zuwa ƙananan asibitoci?

'Yar'uwa, kin tambaya me ya hana a sa mahaifiyarki cikin gwajin sabon maganin cutar daji a asibitin garinku. Rashin kuɗi ne. Gwaji na buƙatar ma'aikacin jinya mai bibiyar majiyyaci, da firjin da wuta ba ta ɗaukewa, har da kuɗin motar mara lafiya. A 2014 Amurka ta kafa shirin NCORP, mai ba asibitocin garuruwa kuɗi su shigar da majiyyatansu gwaji. A Najeriya, NICRAT, cibiyar bincike da kula da cutar daji ta ƙasa, ce ya kamata ta ɗauki wannan nauyin, kuma wallahi an makara. Kafin nan, ki roƙi likitanta ya tura ta asibitin koyarwa na Shika ko na Aminu Kano, ki tambaya a can. Allah ya ba ta lafiya.