Mai ilimin gaske ne ko sojan gona?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana aji biyu a jami'a. Tun da ya fara bin wani da ake kira Dakta a Facebook da TikTok ya daina ganin kowa da gashi, malamansa jahilai ne, mahaifinsa kuma ɗan gargajiya. Na saurari mutumin, ga turanci ga larabci, ban gane rabin abin da yake faɗa ba. Ni ce ban kai ba, ko yaudarar yaron ake yi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Batun "Dakta" ki ajiye shi gefe tukuna. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya nuna wa duniya yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako 6, har gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Laƙabi ya yi arha.

Abin da ya fi tayar min da hankali maganarki ce ta "ni ce ban kai ba". Wannan tunanin nake fama da shi a aji kullum, kuma a kansa 'yan burga suke cin abinci. Mun saba idan mutum ya yi magana ba mu gane ba, sai mu ɗora wa kanmu laifi, shi kuma mu ce ya yi zurfi. Wa ya ce haka ne? Wanda ya fahimci abu yakan iya warware shi da Hausar da kakarsa za ta gane, ko da zai ɗauki lokaci. Wanda ya haddace kalmomi kuwa, da kin ce "me kake nufi?" sai ya ƙara zubo wasu manyan kalmomin, ko ya fusata ya ce ba matakinki ba ne. Holoƙo ke nan, hadarin kaka. Kuma kada ki ɗauka mu kaɗai ake yi wa wannan. A 1996 wani malamin kimiyya a Jami'ar New York ta Amurka, Alan Sokal, ya rubuta maƙala da gangan, soki-burutsu zalla da aka yi wa ado da kalmomin masana, ya aika wa mujallar Social Text, suka buga ta. Sai da ta fito ya tona asiri. Idan editoci masu digiri sun faɗa wannan rami, ina ga yaro ɗan aji biyu?

Haka muke ruɗuwa da wanda ba ya taɓa yin jim. Da safe tattalin arziki, da rana tafsiri, da dare maganin ciwon suga, duk a bakin mutum ɗaya, gidajen rediyo kuma su kira shi mai sharhi kan al'amuran yau da kullum. Wallahi abin yana ƙona min rai. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, a 32 daga ciki ya ce bai sani ba. Ki duba bidiyoyin Daktan nan, ya taɓa cewa "wannan ba fannina ba ne"?

Ki kuma lura da yadda yake kawo maganar wanda suka saɓa. Muhammadu Bello ɗan Shehu, a littafinsa Infakul Maisuri, ya kawo wasiƙun Shehu Alkanemi na Barno masu ƙalubalantar hujjar jihadin, da ƙarfinsu, sannan ya mayar da martani. Sojan gona ba ya iya haka. Sai ya karkatar da maganar abokin hamayya ta zama abin dariya, mabiya su yi shewa. Raina mutane da kika gani a wurin ɗanki daga nan ya kwaso shi.

Kada ki zagi Daktan a gabansa, zai ƙara manne masa. Ki zaunar da shi bayan sallar isha'i, ki ce ya bayyana miki darasin yau da Hausa, ba kalmar turanci ko ɗaya, kuma ya faɗa miki littafin da aka ciro maganar da amsar masu saɓani. Idan ya kakare, ki bar shi ya ji kakarewar, kada ki yi masa gori. Ki kuma roƙi mahaifinsa kada ya ƙwace wayar, ta abokinsa zai ara.