Filin Matasa: Kun Tambaya, Mun Amsa

Tambaya: Anti, shekarata 14. Bara na fara al'ada, amma wani watan ta zo, wani watan ta tsallake, kuma ranar farko marata kan murɗa har in kasa zama a aji. Ƙawata ta ce alamar ba zan haihu ba ce. Da gaske ne?

Amsa: 'Yarmu, kwantar da hankalinki, maganar ƙawarki ba ta da tushe. A shekara biyu zuwa uku na farko, sinadaran da ke sa jiki ya saki ƙwai ba su gama daidaita ba, shi ya sa jinin ba ya bin lissafi. A shekarunki, tazarar kwana 21 zuwa 45 daga ranar farko ta wannan al'ada zuwa ranar farko ta mai zuwa daidai ne, jinin kuma ya ɗauki kwana biyu zuwa bakwai. Samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ta fara da ranar da ta ɗauke. Idan an je asibiti, waɗannan ranakun likita zai fara tambaya.

Murɗawar mara kuwa mahaifa ce ke matsewa don zubar da shimfiɗar da ta yi a cikinta, kuma wani sinadari mai suna furostagalandin ne ke sa wannan matsewar. Zuba ruwan ɗumi a gora, naɗe ta da tawul, ki ɗora a mara na minti 15 zuwa 20. Ibuprofen na taimakawa domin yana rage wannan sinadarin, amma kuskuren da aka fi yi shi ne jira sai ciwo ya kai maƙura. Ki sha da zarar kin ji alamar farko, bayan kin ci abinci, bisa adadin da ke jikin takardar maganin. Mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko asmar da irin wannan magani ke tayarwa, kada ta sha. Ta tambayi likita.

Ki sa mahaifiyarki ta kai ki asibiti idan audugar mata tana cika cikin awa ɗaya ko biyu a jere, ko jinin ya wuce kwana bakwai, ko kin yi kwana 90 ba ki gan shi ba, ko kina jin jiri da kasala da bugun zuciya, domin wannan na iya zama ƙarancin jini.

Tambaya: Ni namiji ne ɗan shekara 13. Kan nonona ya kumbura yana zafi in na taɓa. Kunya ta hana ni gaya wa kowa.

Amsa: Ɗanmu, wannan na samun samari da yawa lokacin balaga, kuma yakan sace da kansa cikin wata shida zuwa shekara biyu. Kada ka matsa shi, kada ka ɗaure ƙirji. Idan ka ji ƙullutu mai tauri, ko ruwa na fita, ko ya haura shekara biyu bai tafi ba, a ga likita.

Tambaya: Wani da muka haɗu a Instagram ya lallaɓe ni na tura masa hoton da bai dace ba. Yanzu ya ce in ban tura kuɗi ko wani hoton ba, zai watsa wa 'yan makarantarmu. Me zan yi?

Amsa: Wannan tambayar ta fi duk sauran gaggawa. Laifin na wanda ke yi miki barazana ne, kuma abin da yake yi babban laifi ne a gaban doka. Kada ki tura masa ko sisi, kada ki ƙara hoto. Masu wannan sana'a in suka ga an biya sau ɗaya, sai su ƙara farashi, domin sun gane tsoro ya kama ki.

Kafin ki toshe shi, ɗauki hoton allon wayarki na saƙonninsa, da sunan shafinsa, da lambar asusun da ya ba ki. Kada ki goge hirar, shaida ce. Sannan ki kai ƙararsa ta cikin manhajar, ki toshe shi, ki mayar da shafinki na sirri.

Yau ɗin nan ki gaya wa babban da kika amince da shi, uwa ko yaya ko malama, don a kai maganar ga 'yan sanda. Mun san kunyar faɗa tana da nauyi, amma shirunki shi ne ƙarfinsa. Akwai kuma shafin Take It Down na cibiyar NCMEC ta Amurka mai kare yara daga cin zarafi, kyauta ga wanda aka ɗauki hotonsa kafin ya cika shekara 18. Hoton ba ya barin wayarki. Shafin na fitar masa da wata lambar shaida ta musamman, manhajoji irin su Facebook da Instagram da TikTok su yi amfani da ita wajen gano hoton su cire shi idan an ɗora.