Dalilin da ya sa ɗakin gashin burodi ke nesa da gida a gonakin Normandi

Ɗan'uwa kana tambaya me yasa a tsofaffin gonakin Normandi ta Faransa ake gina ɗakin gashin burodi can gefe shi kaɗai. Tsoron gobara ne kawai. Gidajen nasu katako ne da laka, da yawa rufin ciyawa, shi ko tanderun sai an cika shi da itace an hura wuta bulo ya ɗau zafi sosai, a kwashe garwashin sannan a jera kwaɓin, to ka ga tartsatsi ɗaya ya ishi gida.

Na taɓa shiga wata gona a yankin Pays d'Auge da ke cikin Normandi, ɗakin burodin ɗan mitsitsi ne a ƙarshen itatuwan tuffa, ciki baƙi ƙirin da hayaƙi. Amma kar ka rikita shi da ɗakin matse tuffa inda suke yin sida, giya ce fa ba lemo ba. Wannan babba ne, akwai kwamin dutse a zagaye inda a zamanin da doki ke jan ƙatuwar taya tana murƙushe tuffa, kuma gangunan da ake ajiye giyar, sanyi suke so, shi yasa ba a haɗa su da tanderu.