Tambaya da Amsa: Ina Son Zane, Amma Na Rasa Abin da Zan Zana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, kuma tun ina ƙarama nake sha'awar zane. Na sayi fensir da littafin zane, amma duk lokacin da na buɗe shafi sai kaina ya ɗaure, in rasa abin da zan zana, daga ƙarshe in rufe littafin in tashi. Shin ba ni da baiwar ne, ko kuwa akwai inda masu zane suke samo tunaninsu wanda ni ban sani ba? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, domin abin da kika faɗa ba ya nuna rashin baiwa, kuma kusan duk wanda ya taɓa riƙe fensir da niyyar koyo ya san wannan ɗaurewar kai. Abin da ke jawo ta shi ne kina jiran tunani ya zo miki a cike kafin ki sa hannu, alhali a wannan sana'a hannu ne yake fara aiki, tunanin ya biyo baya. Mai koyo yana bukatar abin kallo ne a gabansa, kuma gidanku cike yake da shi.

Ki ɗauko butar da kike alwala da ita, ki ajiye a tsakar gida da hantsi, ki zauna taku uku daga gare ta. Kafin ki ja layi ko ɗaya, ki yi minti biyu kina kallo. Za ki lura cewa bakinta, wanda kika san zagayayye ne, daga inda kike zaune ya matse ya yi tsawo, kuma idan kika ɗaga kanki sama sai ya ƙara buɗewa. Ki duba inda hancinta ya fito daga ciki, ki gwada tsawonsa da tsawon wuyanta, sannan ki dubi ɗan filin nan da ke tsakanin mariƙi da jikin butar, domin idan kika zana siffar wannan fili daidai, mariƙin zai fito da kansa. Daga nan sai inuwa, wadda kashi biyu ce: wadda ke jikin butar a gefen da rana ba ta bugawa, da wadda ta kwanta a ƙasa, wadda ta fi duhu a daidai gindi kuma take yin haske tana nisa. Idan kin gama, ki bar butar a wurin, ki dawo bayan la'asar, za ki tarar inuwar ta koma ɗaya gefen ta yi tsawo, kin sami zane na biyu ba tare da kin nemi sabon tunani ba.

Kada ki raina wannan aiki don abin da ake zanawa ƙarami ne. A shekarun 1890 da 1891, Claude Monet na ƙasar Faransa ya yi zanen fenti kusan 25 na tarin dammunan hatsi da ke wata gona kusa da gidansa a ƙauyen Giverny, da safe da yamma, da rani da lokacin ƙanƙara, kuma babban abin da ya bambanta kowane da ɗan'uwansa shi ne haske da yanayi. Rumbun da ke bayan gida zai iya yi miki irin wannan hidima, domin kamanninsa cikin hazon hunturu daban ne da kamanninsa idan hadari ya haɗu.

Bayan buta sai turmi da taɓarya, da tulu, da murhu, da takalman da aka tuɓe a bakin ƙofa. Idan hannunki ya fara sakewa, sai ki koma ga abin da na fi so masu koyo a ƙasar Hausa su kula da shi, wato zanen da muka gada muke wucewa ta gabansa kullum ba mu tsayawa. Akwai dagi a fuskar soraye, da zankwayen da ke saman gini, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da saƙar faifai da take farawa daga cibiya tana zagayowa, da zanen ƙwarya, da adon dukawa a jikin fata, da ƙunshin da ke hannun amare. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, ya ɗaga kai ya ga yadda bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, ke tashi daga ginshiƙai suna haɗuwa a sama, ya sami abin zanawa na watanni. Haka Gidan Makama a Kano, da hasumiyar Gobarau a Katsina, da gidajen unguwar Birni a Damagaram.

Wannan hanya tana da tarihi a ƙasar nan. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya saboda sun ga ana koya musu zane irin na Turai zalla. Sun riƙe dabarun da aka koya musu, amma suka koma gida neman abin zanawa. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, Bruce Onobrakpeya kuma ya shiga tatsuniyoyin mutanensa Urhobo, kuma da haka sunayensu suka fita duniya. A ganina namu taskar ba ta gaza tasu ba, masu ɗibarta ne suka yi kaɗan.

Ki nemi ƙaramin littafi mai arha wanda ba za ki ji ciwon ɓata shi ba, domin littafi mai tsada yana ƙara wa mai koyo tsoron shafi. Ki ware minti goma sha biyar kullum, kuma ki zaɓi abin da za ki zana gobe tun daren yau, ki rubuta sunansa a saman shafin, yadda idan kin zauna ba sauran shawara. Ki sa kwanan wata a kowane zane, kada ki yage wanda bai yi kyau ba, domin bayan wata uku su ne za su nuna miki nisan da kika yi.

Tambaya: Malam, ni duk zanen da nake yi daga waya nake kwaikwaya, a Pinterest da Instagram, kuma yana yin kyau har abokaina suna yabawa. Amma idan na ajiye wayar ba na iya komai. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, kwaikwayo tsohuwar hanyar koyo ce, da ita yaron maɗinki yake koyon aikin wuya, saboda haka ba laifi kake yi ba. Matsalar ita ce wanda kake kwaikwaya ya riga ya yi maka aikin da ya fi wuya. Shi ya kalli abu mai tudu da kwari ya shimfiɗa shi a takarda, shi ya zaɓi layin da zai bari da wanda zai zubar, kai kuwa sakamakon kawai kake ɗauka, shi ya sa idan babu waya hannunka yake tsayawa.

Ka ci gaba da kwaikwayo, amma da manufa ɗaya a kowane zama. Idan yadda wani ya yi inuwar tufafi ne ya burge ka, ka kwaikwayi wannan kaɗai, sannan ka kashe wayar, ka rataya rigarka a ƙusa ka gwada dabarar a kanta. Akwai kuma wani gwaji mai amfani ƙwarai: ka kalli abu na minti ɗaya, ka juya masa baya ka zana shi da ka, sannan ka waiwayo ka ga abin da ka manta, domin abin da ka manta shi ne idonka bai kalla da kyau ba. Idan kuma ka sa zanen da ka kwaikwaya a intanet, ka ambaci mai shi, domin haƙƙinsa ne.

Tambaya: Malam, mahaifina bai yarda in zana mutum ko dabba ba. Shin akwai sauran abin da ya rage mini? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Ka bi maganar mahaifinka, ƙanena, hukuncin zana abu mai rai kuma hurumin malamai ne, su za ka tambaya. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya riƙa zana itatuwa da abin da ba shi da rai, kuma wannan fili ne mai faɗi sosai. Kuka kaɗai, idan ta zubar da ganye da rani rassanta suka fito fili, darasi ce babba wajen koyon layi, haka giginya da tsamiya, kowace da irin tsayuwarta. Ga duwatsun Kwatarkwashi kusa da ku, ga kasuwa da rumfunanta, ga amalanke da manyan motoci.

Sannan ga zayyana, wadda masu ita suke ƙawata allon sauka da ita. Ka sami kamfas da rula, ka zana da'ira, sannan ba tare da ka canza buɗin kamfas ɗin ba ka ɗora tsininsa a gefen da'irar ka yi alama, ka matsa kan alamar ka sake yi, har ka zagayo. Za ka ga ta rabu gida shida daidai. Idan ka ja layi daga kowace alama kana tsallake ɗaya, tauraro mai tsini shida zai fito, idan kuma ka zana sabuwar da'ira a kan kowace alama, fure zai fito a tsakiya, wanda za ka iya faɗaɗa shi har ya cika shafi. Idan akwai mai zayyana a unguwarku, ka roƙi mahaifinka ya kai ka wurinsa ka riƙa zama kana ganin yadda yake raba allo kafin ya sa tawada.